Indiya: Ruwan sama na sauka a ƙasar Adivasi, amma gonakinsu na kwana da ƙishirwa

A watan Disamban 2025 majalisar dokokin Indiya ta maye gurbin dokar tabbatar da aikin yi ga mazauna karkara, wadda aka sani da MGNREGA, da wata sabuwar doka. Tsohuwar dokar, wadda aka kafa a 2005, ta bai wa kowane gida a karkara 'yancin neman aikin ƙarfi na kwana 100 a shekara, gwamnatin tarayya kuma ita ce ke biyan ladan leburori gaba ɗaya. Sabuwar ta ƙara kwanakin zuwa 125, amma ta ɗora wa akasarin jihohi nauyin kashi 40 cikin 100 na kuɗin, ta kuma bai wa tarayya ikon ƙayyade kason kowace jiha tun daga farkon shekara.

Muhawarar da ta biyo baya a birnin New Delhi ta fi karkata ne ga cire sunan Mahatma Gandhi daga dokar. Sai dai a tsaunukan tsakiyar ƙasar, inda mafi yawan al'ummomin Adivasi ke zaune, maganar ta wuce ta suna. Shekara 20 ke nan da wannan shiri shi ne babbar hanyar da ake biyan kuɗin haƙa tafkuna da rijiyoyi da gina ƙananan madatsu a ƙauyukansu. Duk abin da ya taɓa shi ya taɓa ruwan da manomi zai dogara da shi bayan damina ta ɗauke.

Su wane ne Adivasi?

Kalmar Adivasi na nufin mazauna na asali. Ƙidayar 2011 ta nuna cewa ƙabilun da kundin tsarin mulkin Indiya ya ware domin ba su kariya ta musamman sun kai mutum miliyan 104, wato kashi 8.6 cikin 100 na al'ummar ƙasar, kuma sun kasu zuwa ƙabilu fiye da 700. Manyan cikinsu su ne Bhil da Gond da Santhal da Munda da Oraon da Kondh. Mafi yawansu na zaune ne a wani ziri na tsaunuka da dazuzzuka da ya taso daga Gujarat da Rajasthan a yamma, ya ratsa Madhya Pradesh da Maharashtra da Chhattisgarh, ya dangana da Jharkhand da Odisha da Bengal ta Yamma a gabas.

Ta fuskar siyasa sun samu wasu nasarori. A watan Nuwamban 2000 aka ƙirƙiro jihohin Chhattisgarh da Jharkhand, bayan doguwar fafutuka musamman a Jharkhand. A watan Yulin 2022 kuma Droupadi Murmu, 'yar ƙabilar Santhal daga gundumar Mayurbhanj ta jihar Odisha, ta zama shugabar ƙasa. Amma duk da haka har yanzu Adivasi ne ke kan gaba a alƙaluman talauci da rashin abinci mai gina jiki a Indiya. Akasarinsu ƙananan manoma ne da gonarsu ba ta wuce hekta ɗaya ko biyu ba, kuma suna cike giɓin rumbu da abin da daji ya ba su, kamar furen itacen mahua da ganyen tendu da ake naɗa taba da shi.

Ruwan da ba ya zama

Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne, gabashin wannan yanki ba ya cikin wuraren da ke fama da ƙarancin ruwan sama. Jihar Jharkhand kan samu milimita 1,200 zuwa 1,400 a shekara, adadin da ya zarce abin da Kano ke samu nesa ba kusa ba. Matsalar tana ga yadda ruwan ke zuwa da yadda yake tafiya. Kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, galibi kamar da bakin ƙwarya. Ƙasar kuwa gangare ce, kuma a ƙarƙashin 'yar ƙasar noman da ke sama akwai dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginsa. Saboda haka ruwan da ya sauka da safe, kafin yamma ya gangara ƙorama, ya tafi da taki da ƙasa mai albarka zuwa filayen da ke ƙasa.

Manoman yankin Chota Nagpur sun raba gonakinsu gida biyu: tanr, wato tudu, da don, wato fadama. Fadama ce ke riƙe danshi har shinkafa ta nuna, tudu kuwa kwana goma sha biyar na rashin ruwa sun isa su ƙona abin da aka shuka a kansa. Talakan manomi ya fi samun kansa a tudun. Ƙaramin kaso ne kawai na gonakin Jharkhand ke samun ban-ruwa, don haka mafi yawan gidaje sau ɗaya suke girbi a shekara, daga nan gona ta zauna fako har wata damina.

Idan daminar ta yi gardama, abin kan zama babu tsuntsu babu tarko. A 2022 ruwa ya makara a watannin dashen shinkafa, har gwamnatin Babban Minista Hemant Soren ta ayyana fari a ƙananan yankuna 226 na gundumomi 22 daga cikin 24 da jihar ke da su, ta kuma sanar da tallafin rupi 3,500 ga kowane gidan da abin ya shafa. Bayan daminar shekarar da ta biyo baya ma an sake ayyana fari a wani sashe mai faɗi na jihar.

Sakamakon haka shi ne ci-rani. Da zarar an gama girbi sai maza, wani lokaci da mata da yara, su kama hanyar wuraren gasa tubali da gine-gine da gonakin rake a wasu jihohi. Duniya ta ga wani ɓangare na wannan rayuwa a watan Nuwamban 2023, lokacin da hanyar ƙarƙashin dutse da ake haƙawa a Silkyara ta jihar Uttarakhand ta rufta da leburori 41, suka shafe kwana 17 kafin a ceto su. Goma sha biyar daga cikinsu 'yan Jharkhand ne, adadin da ya fi na kowace jiha.

Kura da shan bugu

Ba za a ce gwamnatocin Indiya ba su kashe kuɗi a kan ruwa a waɗannan yankuna ba. Sun kashe, sai dai ba domin mazauna wurin ba. Tun bayan samun 'yancin kai a 1947, tsaunukan Adivasi ne suka zama mazaunin manyan madatsun ruwa, domin a can ne koguna ke da kwaruruwan da suka dace a datse. Madatsar Hirakud da ke kan Kogin Mahanadi a Odisha, wadda aka buɗe a 1957, ta raba dubban iyalai da matsugunansu. Madatsar Sardar Sarovar da ke kan Kogin Narmada ta shafi ƙauyuka 245 a jihohi uku bisa ƙididdigar farko ta hukuma, kuma zanga-zangar da Medha Patkar da abokan gwagwarmayarta suka jagoranta ta kai ga ficewar Bankin Duniya daga aikin a 1993. Duk da haka an kammala ta, Firaminista Narendra Modi ya ƙaddamar da ita a 2017, ruwanta kuma yana tafiya ɗaruruwan kilomita zuwa Saurashtra da Kutch.

A nan ne karin maganar kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ya dace. Ruwan magudana gangare yake bi, don haka manomin da ke tudu yana kallon tafkin da ya cinye fadamar kakanninsa, amma ba shi da hanyar ɗaga ruwan zuwa gonarsa. Kwamitin da gwamnati ta kafa ƙarƙashin Farfesa Virginius Xaxa, wanda ya miƙa rahotonsa a 2014, ya kawo ƙiyasin da ke nuna cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na mutanen da ayyukan raya ƙasa suka tayar daga gidajensu Adivasi ne, alhali ba su kai kashi 9 na al'ummar ƙasar ba.

Wannan tarihi ne ya sa suke ɗari-ɗari da duk wani babban aiki. A kwarin Koel da Karo na Jharkhand, Munda da Oraon sun shafe shekaru kusan 30 suna hana gina madatsar samar da lantarki. A watan Fabrairun 2001 'yan sanda suka buɗe wuta a Tapkara, mutum 8 suka mutu, kuma a 2003 gwamnatin jihar ta sanar da janye aikin.

Famfo da iyakarsa

A ranar 15 ga Agustan 2019 gwamnatin Modi ta ƙaddamar da shirin Jal Jeevan, da alƙawarin kai famfo kowane gida a karkara zuwa 2024, a kan lita 55 ga kowane mutum a kullum. Alƙaluman gwamnati sun nuna an tashi daga kimanin kashi 17 cikin 100 na gidaje zuwa kusan kashi 80, ko da yake an ɗage wa'adin zuwa 2028, kuma Jharkhand na cikin jihohin da aka bari a baya. Ga matar da ta saba tafiya mai nisa da tulu a ka, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma famfo bututu ne kawai, sai da ruwa a tushensa yake amfani. Da yawa daga cikin waɗannan famfuna sun dogara ne da rijiyoyin burtsatse da aka haƙa cikin dutse, waɗanda kan ja baya ko su ƙafe tsakanin Maris da Mayu. Idan aka ƙara zurfi kuma, a wurare irin su Jhabua da Mandla da Nuapada da Palamu, akan ci karo da sinadarin fulorayid mai yawa, wanda ke lalata haƙoran yara ya kuma tanƙwara ƙasusuwa. Ga shi kuma lita 55 ta sha ce da girki da wanka, ba ta shayar da kadada ko garke. Indiya ce ta fi kowace ƙasa zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa a duniya, kuma famfunan ban-ruwa masu amfani da hasken rana da ake rabawa yanzu na iya gaggauta ƙafewar rijiyoyi idan ba a mayar wa ƙasa abin da ake ɗiba ba. Da ruwan ciki kan ja na rijiya.

Dabarun da suka yi aiki

Inda aka ga canji na haƙiƙa, hanyar kusan iri ɗaya ce: a tare ruwa tun daga kan tudu, a rage masa gudu, a ba shi damar nutsewa. Adivasi ba baƙin wannan ilimi ba ne. A yammacin Odisha, sarakunan Gond na da sun bar tsarin tafkuna da ake kira kata da munda da bandha, waɗanda ke tare ruwa mataki-mataki a kan gangare. A Jhabua ta Madhya Pradesh, manoma na da tsarin pat, inda suke karkatar da ruwan ƙorama tun daga sama su bi da shi ta gefen tsauni har gonakin da ke nesa. Bhil kuma na da halma, wadda ita ce gayyarsu: jama'a su taru da kayan aikinsu da abincinsu su yi wa ɗan'uwa ko gari aiki ba tare da lada ba. A shekarun baya-bayan nan an farfaɗo da ita, dubban mutane kan taru a tsaunin Hathipawa da ke kusa da garin Jhabua su haƙa ramukan tare ruwa a jikin gangare.

A yankin Bero da ke kusa da Ranchi, Simon Oraon ya jagoranci ƙauyukansu tun daga shekarun 1960 wajen gina madatsun ƙasa da tafkuna da dasa itatuwa, har yankin ya zama mai fitar da kayan lambu zuwa kasuwannin birni. Gwamnati ta karrama shi da lambar Padma Shri a 2016. A Dahod ta Gujarat, gidauniyar Sadguru da aka kafa a 1974 ta gina ɗaruruwan ƙananan madatsu a kan ƙoramu, ta haɗa su da injinan ɗaga ruwa zuwa tudu waɗanda ƙungiyoyin manoma ke gudanarwa da kansu. A Purulia ta Bengal ta Yamma, ƙungiyar PRADAN ta yaɗa dabarar ware kashi 5 cikin 100 na kowace gona a haƙa rami a cikinta, domin ruwan da ya taru ya ceci shinkafa idan sama ta ɗauke ana tsakiyar damina. A kudancin Gujarat kuma, ƙungiyar BAIF ta fara shirin wadi a 1982, inda ake mayar da kadada ɗaya ta tudu lambun mangwaro da yazawa, daga baya bankin raya noma na NABARD ya ɗauki tsarin ya kai shi jihohi da dama.

Akwai kuma darasin da aka koya da tsada. A 2016 gwamnatin Jharkhand ta wancan lokaci ta ba da umarnin haƙa dubun-dubatar ƙananan tafkuna da ake kira dobha cikin gaggawa, kafin faɗuwar damina. An haƙa da yawa da injina, a wuraren da ba a duba ko ƙasar na riƙe ruwa ba, don haka suka bushe tun kafin a buƙace su. Wasu kuma, saboda zurfi da tsayuwar bakinsu da rashin shinge, yara suka riƙa faɗawa suna nutsewa. Tafkin Bero da na dobha duk rami ne a ƙasa. Bambancinsu shi ne, a Bero mutanen da suka san inda ruwa ke bi ne suka zaɓi wurin, a shirin dobha kuwa adadin da aka ɗora wa jami'ai ne ya zaɓa.

Komawa ga tamba

Ɗaya ɓangaren maganar shi ne abin da ake shukawa. Kafin zamanin bunƙasa noman shinkafa da alkama da aka fara a shekarun 1960, tudun Adivasi na tamba ne da ƙananan hatsi irin su kodo da kutki, gauraye da wake da ridi. Waɗannan na jure ƙishirwa, ba sa kuma buƙatar taki mai yawa. Amma da yake shinkafa da alkama ne gwamnati ke saye a kan tsayayyen farashi, su ne kuma take rabawa a shagunan tallafi, sai manoma suka riƙa hawa tudu da shinkafar da ba ta dace da shi ba.

Jihar Odisha ta fara juya akalar a 2017, da shirin farfaɗo da waɗannan hatsi a gundumomi 7 da Adivasi suka fi yawa. Muhimmin abin da ta yi shi ne ta fara sayen tamba a kan farashin gwamnati, ta shigar da ita cikin abincin tallafi da na yara, ta kuma taimaka wa ƙungiyoyin mata da injinan sussuka da niƙa, domin wahalar surfe na cikin abin da ya sa aka guje ta. Gundumar Koraput, wadda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a 2012 a matsayin wurin gadon noma na duniya, tana kan gaba a wannan fanni. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa bisa shawarar Indiya. Sai dai a jihohin da babu mai saye a kan farashi mai kyau, kiran a koma ga tamba bai wuce jawabin taro ba.

Wa ke da iko da tudu?

Duk waɗannan dabaru suna da sharaɗi guda. Ruwan da ke cika rijiyar ƙauye yana farawa ne daga dajin da ke bisa tsauni, kuma wannan daji galibi yana hannun ma'aikatar gandun daji ko kamfanin haƙar ma'adinai. Dokoki biyu ne aka yi domin gyara wannan. Dokar PESA ta 1996 ta ƙarfafa gram sabha, wato taron dukkan baligan ƙauye, ta kuma damƙa kula da ƙananan tafkuna ga majalisun karkara. Dokar 'yancin daji ta 2006 ta amince da haƙƙin iyali a kan gonar da yake nomawa a daji har hekta 4, da haƙƙin ƙauye na kula da dajin da ke kewaye da shi.

Inda aka aiwatar da su an ga amfaninsu. Ƙauyen Mendha Lekha na gundumar Gadchiroli ya samu takardar mallakar dajinsa a 2009, daga baya ya fara sayar da gorarsa da kansa. A tsaunukan Niyamgiri na Odisha, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilun 2013 cewa tarukan ƙauyuka ne za su yanke shawara a kan haƙar ma'adinin boksayit da kamfanin Vedanta ke nema, kuma dukkan taruka 12 suka ƙi amincewa. Hujjar mutanen Dongria Kondh ta haɗa da addini, ta kuma haɗa da ruwa: shimfiɗar boksayit da ke saman tsaunin tana shan ruwan damina kamar soso, tana sakin sa a hankali cikin ƙoramun da ba sa ƙafewa, waɗanda ke ciyar da kogunan Vamsadhara da Nagavali.

Amma aiwatarwar na tafiyar hawainiya. Madhya Pradesh da Chhattisgarh ba su fitar da ƙa'idojin aiki da dokar PESA ba sai 2022, shekara 26 bayan kafa ta. Kimanin rabin buƙatun mallakar daji da aka shigar ne kawai suka kai ga samun takarda. A watan Fabrairun 2019 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin korar waɗanda aka ƙi amincewa da buƙatunsu, fiye da iyalai miliyan ɗaya, kafin ta dakatar da umarnin bayan mako biyu. A dajin Hasdeo Arand na Chhattisgarh, wanda ke tara ruwan Kogin Hasdeo, ana ci gaba da sare itatuwa domin haƙar kwal, duk da tattakin kilomita 300 da mazauna yankin suka yi zuwa Raipur a watan Oktoban 2021. Da wuya manomi ya zuba ƙarfinsa wajen gyara tudun da bai da tabbacin zai kasance nasa a shekara mai zuwa.

Abin da za a sa wa ido

Magoya bayan sabuwar dokar aikin karkara na nuni da cewa ta sanya ayyukan ruwa a sahun farko, ta kuma ƙara kwanakin aiki. Masu suka kuwa na cewa jihohin da Adivasi suka fi yawa na cikin mafi ƙarancin kuɗin shiga, don haka idan jiha ta kasa kawo kasonta na kashi 40, kwana 125 za su tsaya ne a takarda. Suna kuma fargabar cewa idan daga sama ake ƙayyade kaso da nau'in aiki, za a koma ga lissafin adadi irin na dobha.

Jihohin ba su rasa inda za su nemo kuɗi ba. Tun 2015 doka ta tilasta wa kamfanonin haƙar ma'adinai zuba wani kaso a asusun kowace gundumar da suke aiki, kuma ruwan sha na cikin abubuwan da aka ce a fifita. Gundumomi irin su Keonjhar a Odisha da Singhbhum ta Yamma a Jharkhand sun tara kuɗi masu yawa ta wannan hanya. Tambayar ita ce ko za a kashe su a kan tudu, bisa tsarin da taron ƙauye ya zana, ko kuwa za su ƙare a manyan gine-ginen hedikwatar gunduma.

Ma'aunin nasara a wannan yanki ba shi da wuyar ganewa. Shi ne yawan gonakin tudu da ke samun shuka ta biyu bayan an girbe shinkafa, da yawan rijiyoyin da ke da ruwa a watan Mayu, da yawan gidajen da ba a rufe da kwado ba bayan bikin girbi. Idan waɗannan uku suka ƙaru a Jharkhand da Odisha da Chhattisgarh cikin shekaru masu zuwa, sabuwar dokar ta yi amfani. Idan ba su ƙaru ba, jiragen ƙasan da ke tashi daga Ranchi za su ci gaba da cika da 'yan ci-rani a kowane watan Nuwamba.